Kwana Casa'in

Faifan ya kusa cika, saura kashi biyu cikin ɗari.
Haka na tarar da shi da daddare
a ofishin jirgin fito, nan Punta Arenas,
iska daga mashigin ruwa tana dukan taga
kamar mai bin bashi.

Na ja kujerar Don Eleuterio.
Har yau tana karkata hagu, yadda ya bar ta.

Baƙin allo, ɗan ɗigo fari yana ƙyafta ido.
Na rubuta journalctl, na danna,
kundin ya ɓalle kamar an kwance bakin buhu:
wa ya shiga, wa ya fita,
wace na'ura ta yi tari da ƙarfe uku da minti tara,
injin buga tikiti ya mutu, ya farfaɗo, ya sake mutuwa.
Inji ba ya mantuwa,
kuma bai san abin da ya cancanci tunawa ba.

Shi ya koya mini tankaɗe.
Ximena, yakan ce, kada ki sha kogi don kina jin ƙishi.
Ce masa: daga jiya kawai.
Ce masa: kurakurai kawai, ja-ja ɗin nan.
In kina neman kalma ɗaya, ba grep ita, ya shiga ya kamo.

To, na ba shi kalma ɗaya.
Ba ta aiki ba ce.
Na rubuta eoyarzo.

Layi dubu huɗu da wani abu.
Ya shiga, ya fita. Ya shiga, ya fita.
A tsakani kuma, ashe mutumin nan
yana jefa wa kundin 'yan maganganu,
shi kaɗai, tsakar dare:
Iska ta hana jirgi tashi, direbobin manyan motoci na barci a mota.
An canja batir.
Shayin yau ba daɗi.

Sai sha ɗaya ga Yuni, biyu da kwata na dare.
Na san ranar.
Ranar da na goge abin da bai kamata ba,
na tafi gida ban sani ba,
da safe na tarar komai lafiya, na ce ashe na iya.
Ga shi nan: ya shiga biyu da kwata,
ya fita biyar saura.
Layi ɗaya ya bari:
An gyara. Ba sai an faɗa mata ba.

Na tashi na dafa ruwa. Ban sha ba.

Layinsa na ƙarshe ba wani abu ba ne.
Talata, shida da minti biyu na yamma, an rufe zama.
Inji bai rubuta asibiti ba,
bai rubuta Doña Herminia tana ninke rigunansa ba.
A wurinsa mutum ya fita ne kawai
bai dawo ba tukuna.

Dokar kamfani kwana casa'in ce.
Abin da ya girmi haka, a share.
Kuma share kundi ba tsince ba ne,
ba a cewa bar mini wannan, ɗauki wancan.
Dam guda yake tafiya,
tarin injin tikiti da shayin da ba daɗi, tare.

Jirgin farko ƙarfe tara.
In faifan ya toshe, ba tikiti,
mutum ɗari da tumakinsu za su tsaya a bakin ruwa
saboda ni ina jin nauyin wani layi.
Da yana nan da ya ce, me kike jira?

Sai na karkata layukansa cikin ɗan fayil,
na sa masa suna shayi,
nauyinsa bai kai hoto ɗaya ba.
Sannan na rubuta umarnin sharewa.
Na karanta shi sau biyu, yadda ya koya mini,
yatsa a sama, kafin ya sauka.

Daƙiƙa huɗu.
Allo ya ce an sami sarari.

Na sake neman sunansa a kundin.
Ɗigon ya sauko layi na gaba, ya tsaya,
yana ƙyafta ido.

Kafin in kashe fitila na jefa nawa:
An share. Iska ta ɗan lafa.